Ranar Minna da fatar da ba ta da garkuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Sauka Kahuta da tsakar ranar watan Maris yana jiran Keke Napep, ya san ranar Minna ba ta da wasa. Kwalta na huci, rufin kwano na ƙara, masu ruwan leda da ƙanƙara na ciniki, masu shaguna kuma sun ja benci zuwa ɗan abin da ya rage na inuwa a jikin bango. A irin waɗannan ranaku ma'aunin zafi kan kusanci digiri 40. In an haɗu a gaisa, a ce "yaya zafi?" Amsar kuwa ɗaya ce daga Kpakungu har Maitumbi: "lokacinsa ne."

Ga mafi yawan jama'a maganar a nan take tsayawa: gumi, ƙurajen zafi, da daren da aka ɗauke wuta barci ya gagara. Amma a cikin unguwar akwai waɗanda wannan rana take yi wa ɓarnar da ruwan sanyi ba ya gyarawa. Na farko su ne zabaya, waɗanda Allah ya halitta babu sinadarin da ke ba fata launi. Na biyu, kuma sun ninka na farkon yawa, su ne waɗanda suka raunana fatarsu da man bilicin. Waɗannan mutane suna buƙatar kariya daga rana kamar yadda mai ciwon suga yake buƙatar allurarsa, amma har yau man kare fata daga rana yana zaune ne a kantin kayan kwalliya, kusa da hoda da turare, da kuɗin da talaka ba ya iya taɓawa. Ya kamata gwamnatin Jihar Neja ta ɗauke shi daga can ta kai shi ɗakin magani na asibitocinta.

Zafin da jiki ke ji daban, hasken da ke ƙona fata daban. Abin da ke ƙona fata wani ɓangare ne na hasken rana da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin ɗuminsa, wanda masana suke kira UV. Iri biyu ne suke isowa ƙasa. UVB shi ne mai ƙuna, mai sa fata ta yi ja ta yi bororo. UVA kuwa yana ratsawa ciki sosai, yana tsufar da fata, yana ratsa gilashin taga. Dukansu suna lalata ƙwayoyin halittar fata, kuma ɓarnar taruwa take yi shekara bayan shekara, har wata rana wata ƙwaya ta ƙi bin doka ta zama kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin ƙarfin wannan haske: daga 3 ake fara neman kariya, 11 zuwa sama kuma shi ne matakin ƙoli. A ƙasashe irin namu da ke kusa da tsakiyar duniya, kai wa matakin ƙoli da tsakar rana ba baƙon abu ba ne.

Akwai wani abu game da Minna da mutane kaɗan suka lura da shi. Saboda inda garin yake, kimanin digiri 9 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai tsakar ka: wajen tsakiyar Afrilu, sai kuma ƙarshen Agusta. Na Afrilu kowa ya san da shi, domin ana ji a jika. Na Agusta shi ne mai yaudara. Damina ta yi nisa, gari ya yi lumshi, iska na kaɗawa, manomi ya tuɓe riga yana aiki a gonar doya ko masara yana jin daɗin sanyi. Alhali gajimare mara kauri yana iya barin har kashi 80 cikin 100 na wannan haske ya wuce. Zabiyar da ta ɓuya a ɗaka duk bazara, sannan ta saki jiki da damina, ta kauce wa zafi ne kawai, ƙunar tana nan.

Ba sai an sayi wata na'ura ba kafin a san lokacin haɗari. Likitocin fata suna da ƙa'ida mai sauƙi: idan inuwar mutum ta fi shi gajarta, hasken yana da ƙarfi. Wannan awo ne da duk almajirin da ya karanci babin lokutan salla ya sani, domin a mazhabar Malikiyya lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage a tsakar rana. Wato daga hantsi zuwa kiran La'asar, wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, shi ne lokacin da mai raunin fata ya kamata ya nemi rumfa. Uwar da ba ta taɓa jin sunan UV ba, in aka ce mata kada yaron ya fita wasa sai an kira La'asar, ta gane sarai.

Baƙar fata ni'ima ce a wannan yanki, kuma ba ruwan wannan magana da fariya. Sinadarin melanin da ke ba ta launi yana tsayawa ne a kan kowace ƙwayar fata kamar lema, yana shanye hasken kafin ya yi ɓarna. Binciken da aka yi a Amurka tun 1979 ya ƙiyasta cewa kariyar da baƙar fata take da ita ta halitta ta kai kimanin lamba 13 a ma'aunin da ake rubutawa jikin kwalaben man rana. Shi ya sa mai tura baro a Kasuwar Kure zai yi shekara talatin a cikin rana bai taɓa yin bororo ba. Masu tallar kayan kwalliya a Instagram da TikTok da ke son kowane baƙin mutum ya ɗauka zai mutu in bai shafa mansu ba, ciniki suke nema. Gaskiyar ita ce buƙatar ba ɗaya ba ce, kuma ƙasar da kuɗin lafiyarta bai taka kara ya karya ba dole ta san wa za ta fara ba.

Zabiya ba ta da wannan kariya, ko kuma kaɗan ƙwarai take da ita. Abin gado ne, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar kafin a haifi zabiya, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk. Idan haka ta kasance, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Wannan bayani kaɗai ya isa ya kashe maganganun da ake jifan iyaye mata da su a ɗakin suna, na cewa wance ce ta kawo musu abin cikin dangi, ko ta yi wani laifi tana da ciki. Rabon uban daidai yake da na uwar. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta samun zabiya ɗaya cikin mutum 5,000 zuwa 15,000, yayin da a Turai da Amurka ta Arewa ake samun ɗaya cikin 17,000 zuwa 20,000. Wato lalurar ta fi yawa ne a inda rana ta fi ƙarfi.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. A 1975 Farfesa Anezi Okoro, likitan fata wanda ɗalibai suka fi saninsa a matsayin marubucin littattafan labarai na makaranta, ya wallafa bincikensa a kan zabaya 1,000 'yan Nijeriya, inda ya nuna yadda rana ke lalata musu fata tun suna ƙanana. Kimanin shekara hamsin ke nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a wasu ƙasashe mafi yawan zabaya kansar fata ce ke kashe su tsakanin shekara 30 zuwa 40. A shekarun da mutum ya kamata ya zama magidanci, yana biyan kuɗin makarantar yara, a lokacin ne ake neman kuɗin yi masa tiyata.

Yadda abin ke tafiya sananne ne ga duk ma'aikacin jinya da ya taɓa gani. Yaro zai fara da ja da bororo a wuya, kunne da bayan hannu. Leɓe ya bushe ya tsattsage. Kafin ya balaga fatar ta yi kauri, ta fara fitar da wasu tabo masu kaushi da ɓawo, waɗanda in aka shafa ake jin su kafin a gan su. Waɗannan su ne gargaɗi, kuma a wannan mataki likita yana iya ƙone su da sanyin sinadarin naitrojin cikin 'yan mintuna. In aka bari, ɗaya daga cikinsu zai zama gyambon da ba ya warkewa, yawanci a fuska, kai ko wuya. A nan ne ake fara yawon masu magani, a ce sammu ne ko daji ne da ba ya son allura, a yi ta shafe-shafe wata da watanni. Ranar da za a kama hanyar Suleja zuwa Abuja, ko a nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ciwon ya riga ya ci wuri.

Ba a ce ba a yi komai ba. A 2006 Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabaya ta The Albino Foundation, wadda ta matsa har gwamnatin tarayya ta amince da yi wa zabaya maganin kansar fata kyauta a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kodayake ƙungiyoyin zabaya sun sha kokawa cewa shirin yana tafiya yana tsayawa saboda rashin sakin kuɗi. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai game da zabaya, aka fara bikinta a 2015. A shekarar ce kuma aka naɗa Ikponwosa Ero, lauya haifaffiyar Nijeriya kuma zabiya, a matsayin ƙwararriya ta farko mai zaman kanta ta Majalisar a kan haƙƙin zabaya, ta riƙe muƙamin har 2021. A Mali, mawaƙi Salif Keita ya daɗe yana amfani da sunansa da gidauniyarsa wajen wannan fafutuka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Takardu dai akwai su.

Sai dai hankali ya fi karkata ga ƙarshen labarin. Ana neman kuɗin tiyata da gashi a Abuja, alhali abin da zai hana zuwa Abujar bai isa Sauka Kahuta ba. A Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da man kare fata daga rana cikin jerin muhimman magungunanta, jerin da ƙasashe ke dubawa wajen tsara abin da ya wajaba a samu a asibitocinsu. Ma'anar wannan mataki a fili take: man ya hau layi ɗaya da maganin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini. Babu wani kwamishinan lafiya da zai sake cewa kayan gayu ne.

A yi lissafin kuɗin a gani. Lambar SPF da ke jikin kwalba tana nuna yawan UVB da man ke tarewa: 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin 100, 30 kashi 97, 50 kuma kashi 98. Zabiya tana buƙatar 50 ko sama, wanda kuma yake tare UVA. Amma lambar ba ta aiki sai an shafa da kauri. Fuska da wuya kaɗai suna cin cokalin shayi guda, wato mililita 5, ga bayan hannuwa da kunnuwa, kuma ana so a sake shafawa duk bayan awa biyu in ana waje, da bayan gumi mai yawa, da bayan alwala. Ko da mutum ya rufe sauran jikinsa da tufafi, zai iya cinye mililita 20 a yini. Kwalba mai mililita 100 ba za ta wuce kwana biyar ba. Kwalba shida ke nan a wata. Mafi yawan man daga waje ake shigo da shi, ita kuwa Naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000, in Allah ya ba shi zabaya biyu a gida, sai dai ya zaɓa tsakanin man da buhun masara. Abin da ke faruwa shi ne a samu kwalba ɗaya ranar 13 ga Yuni daga hannun wata ƙungiya, a ɗauki hoto, a yi ta lallaɓa ta ana ɗiga kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Man da aka shafa haka sunansa kawai aka shafa.

Tanzaniya ta nuna akwai wata hanya. A 2012, a cibiyar horar da ma'aikatan lafiyar fata da ke asibitin KCMC a garin Moshi, gindin Dutsen Kilimanjaro, aka fara haɗa man kare fata a cikin gida, wanda ake kira Kilisun, da taimakon wata ƙwararriyar haɗa magunguna 'yar ƙasar Sifen, Mafalda Soto. Ana raba shi kyauta ta hanyar asibitocin tafi-da-gidanka, inda ake duba fatar mutum, a ƙone tabon da ya fara fitowa, a koya masa yadda ake shafawa, sannan a ba shi abin da zai kai shi zuwa zagaye na gaba. Haɗa rabon man da duba fata shi ne hikimar shirin. Wanda ya zo karɓar mai ba zai koma gida da gyambon da ba a gani ba.

Me zai hana Minna? Jihar Neja ce kan gaba a Nijeriya wajen kaɗanya, matan ƙasar Nufe da na sauran yankuna sun gaji sarrafa man kaɗe iyaye da kakanni, kuma gwamnatin Umaru Bago ba ta gajiya da maganar ƙara wa kaɗanya daraja maimakon fitar da ita ɗanya. A nan sai an yi hattara, domin man kaɗe shi kaɗai ba ya kare fata daga rana. Ɗan abin da yake tarewa bai kai ya kawo ba, kuma wanda ya shafa shi ya shiga rana da tunanin ya tsira ya yaudari kansa. Amfaninsa shi ne zai iya zama ɗaya daga cikin mayukan da ake kwaɓa ainihin maganin a ciki, wato sinadarai irin su zinc oxide da titanium dioxide, waɗanda su ne suke tare hasken. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano tana da masana kimiyyar sinadarai. Aikin yana buƙatar gwaji na gaskiya da rajistar NAFDAC, domin man rana na jabu ya fi rashinsa haɗari, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma jihar da take maganar manyan masana'antu ba za ta ce ɗakin haɗa man shafawa ya fi ƙarfinta ba. Kafin a kai ga haka, sayen man a dunƙule a raba ta asibitocin matakin farko na ƙananan hukumomi 25 abu ne da za a iya sa wa a kasafin kuɗin baɗi, tunda adadin masu buƙatar ba shi da yawa.

Rukuni na biyu, wato masu bilicin, ya fi wuyar magana, saboda ba wadda take son a ce da ita ake. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man hasken fata, kuma a 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Ko da mutum yana ganin adadin ya yi yawa, zagaye ɗaya a layin masu kayan shafa ya ishe shi shaida. Abin da ke cikin waɗannan mayuka, musamman haɗin da ake kwaɓawa a roba ba suna ba lamba, yakan kasance haidrokwinon mai hana fata yin melanin, ko maganin sitiroid mai sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ko kuma makuri mai taɓa ƙoda. Mace ta cire garkuwar da aka haife ta da ita, sannan ta hau babur da tsakar rana zuwa gidan biki. Sakamakon shi ne kumatun da suka yi ja kamar an mare su, raɗaɗi in rana ta taɓa, da baƙin tabo mai kauri a kunci da goshi wanda daɗewa kan haidrokwinon ke haifarwa, wanda kuma kusan ba ya gogewa. Ganin tabon sai a ƙara mai mai ƙarfi, a ƙara lalata wurin.

Zagi da gori ba su taɓa raba kowa da bilicin ba, musamman tunda maza da yawa da ke yin gorin su ne suke cewa a nemo musu fara. Abin da zai yi amfani shi ne bayani: wadda take son dainawa ta je asibiti, domin yanke sitiroid farat ɗaya yakan sa fata ta ɓarke da ƙuraje, kuma a duk tsawon lokacin farfaɗowa tana buƙatar inuwa, lema da man kariya. Mafi muni shi ne shafa wa jarirai da ƙananan yara, abin da ya kamata hukuma ta ɗauka a matsayin cutar da yaro.

Akwai wasu ƙananan rukunai da ake mantawa da su: mai tabon ƙunar wuta, mai ciwon da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari, da wanda yake shan wasu magunguna irin su doksisaikilin da ke sa fata saurin ƙonewa. Haka jaririn da aka haifa da shawara, idanu da jiki suka yi ɗorawa, wanda ake shanyawa a rana da sunan magani. Wurinsa asibiti ne, inda ake da fitilar da aka yi don haka. Jaririn da bai kai wata shida ba ma ba a shafa masa man rana, inuwa da tufafi ne kariyarsa.

In kuma ƙunar ta riga ta faru, maganinta ba shi da tsada, abin da ake ƙarawa a kai ne yake ɓata lamari. A shiga inuwa, a zuba ruwa mai sanyi irin na randa ko a ɗora tsumma mai laima, a maimaita. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye, domin tana ƙara raunata fatar. A sha ruwa da yawa, a sha farasitamol in akwai raɗaɗi, a shafa mai mara turare ko ruwan alobera bayan wurin ya huce. Bororo kuwa a bar shi, kada a fasa da allura ko reza, domin fatar da ta rufe shi ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Man goge baki, manja, ɗanyen ƙwai, kananzir, baƙin man inji, toka, duk an san ana shafa su a kan ƙuna, kuma babu ɗaya da yake warkarwa. Wasu suna riƙe zafi, wasu suna kawo ruɓa. Idan bororon ya yi faɗi, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko amai, jiri da ruɗewa, ko kuma ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti ba tare da jira ba. Ga zabiya, duk ciwon da ya yi wata guda bai warke ba, likita ne zai gan shi, ko da ba ya zafi.

Kariya mafi arha ma ba a kwalba take ba. Kakanninmu da suka saƙa malafa mai faɗin baki, suka naɗa rawani, suka ɗinka riga mai dogon hannu, sun san abin da suke yi. Hular hana-salla tana barin kunne da ƙeya a buɗe, wuraren da kansar ta fi kamawa. Malafa tana rufe su duka. Yadi mai kauri ya fi shara-shara, kuma gwajinsa shi ne a ɗaga shi a rana, in haske yana ratsawa sosai, to UV ma yana ratsawa. Hijabi yana rufe wuya da kunne, amma fuska da bayan hannu suna waje. Ido ma yana da nasa rabon: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 na makantar da yanar ido ke jawowa yana iya kasancewa daga wannan haske ne, kuma wannan ya shafi baƙi da fari. Baƙin tabarau na bakin titi da ba ya tare UV yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya ƙara samun hanya. A 2023 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa kusan mutum 19,000 suka mutu a 2019 sakamakon kansar fata da aiki a cikin rana ya jawo. Magini, ɗan ga-ruwa da mai fasa dutse ba za su sayi mai ba, amma rumfa a wurin aiki da itatuwan dogonyaro da mangwaro a gefen sababbin titunan da ake shimfiɗawa a Minna za su amfane su. Duk itacen da aka sare don faɗaɗa hanya bashi ne a kan wanda ya ba da kwangilar.

Makaranta ce wurin da za a fi saurin gyarawa, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Kayan makarantar firamare na yara maza gajeren wando ne da riga mai gajeren hannu. Ana tsayuwar taron safe a fili, ana wasanni da tsakar rana, ana sharar fili, wanda ya makara kuma a sa shi durƙuso a rana. Ga yaro zabiya kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙuna ce, kuma ƙunar ƙuruciya ita ce jarin kansar da za ta fito a shekara 30. Ga shi kuma ba ya ganin allo sosai, domin lalurar tana tafe da raunin gani, sai malamin da bai sani ba ya ɗauka daƙiƙi ne ya tura shi bayan aji. Takarda guda daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha zuwa ga shugabannin makarantu za ta iya ba shi izinin sa dogon wando, riga mai dogon hannu da malafa, ta keɓe shi daga tsayuwar rana, ta zaunar da shi a layin gaba nesa da taga. Makarantun Islamiyya da na allo, inda ake karatu a tsakar gida ko a tura yara bara da tallace-tallace da rana tsaka, su ma saƙon ya kamata ya kai gare su ta bakin limamai da masu unguwanni, da Hausa, Nufanci da Gwaranci.

Sai ungozoma da ma'aikaciyar awon ciki, wadda ita ce mutum ta farko da ke ganin jaririn. Minti goma na bayani a ranar haihuwa, a gaban uba da kakar yaron, ya ƙunshi duk abin da iyalin suke buƙata na shekarun farko: daga ina abin ya fito, lokacin da ba a fita da shi, irin tufafin da za a ɗinka masa, da inda za a riƙa kai shi a duba fatarsa sau biyu a shekara. A rubuta sunansa a rajistar asibitin unguwa kamar yadda ake yi wa allurar rigakafi, ta yadda ranar da man ya iso za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.